An Kai Kwamfuta Ɗakin Jarrabawa, Ba Ta Iso Aji Ba

Duk shekara idan bazara ta kama, garin Azare ya kan yi waɗansu baƙi waɗanda ba kasuwa ce ta kawo su ba, ba kuwa asibiti ba. Samari ne da 'yan mata daga Chinade da Madara da Bulkachuwa, daga Yana da Giade da Gamawa, har da na can garin Katagum na bakin kogi, kowa riƙe da 'yar takarda mai ɗauke da hotonsa da lambarsa. Waɗansu tun jiya suka iso suka kwana a gidan dangi, domin wanda aka rubuta wa zaman safe ba ya iya dogara da motar kasuwa. Sun zo rubuta jarrabawar shiga manyan makarantu ce, watau ta hukumar JAMB. Ana dai cewa "rubutawa" don bakin jama'a ya saba, amma a ɗakin nan babu alƙalami, babu takardar amsa. Kujera ce da kwamfuta, da agogo yana tafiya a kusurwar gilashinta.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, sa'an nan daga 2015 ta rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Ɗalibi ya kan amsa tambayoyi 180 cikin sa'a biyu, 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Mai karatu ya buga lissafi da kansa: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya ɓata minti goma na farko yana neman yadda za ya shigar da lambarsa, yana taɓa madannai da ɗari-ɗari kamar mai taɓa garwashi, ya yi hasarar lokacin tambayoyi 15 tun bai karanta ko ɗaya ba. Na kusa da shi kuwa, wanda ya fito daga makarantar kuɗi inda a ke shiga ɗakin kwamfuta kowane mako, ya riga ya yi nisa. Dukansu biyu sakamako ɗaya za a auna musu da mudu ɗaya.

Ba a ce hukumar ba ta da hujja ba. Jarrabawar takarda ta sha fama da satar amsa da fitar tambayoyi tun kafin ranar zama, sakamako kuma sai an yi watanni ana jira. Yanzu cikin 'yan kwanaki ya ke fitowa ta wayar hannu. Hukumar ta kuma sauƙaƙa abin yadda da madannai takwas kaɗai ɗalibi za ya iya zaɓen amsa, ya ci gaba, ya koma baya, ya miƙa aikinsa, ba tare da ya taɓa linzamin kwamfuta ba, ta kuma fito da jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Duk wannan abin yabo ne. Amma gwajin yini ɗaya ba ya zama sabo, kuma Hausawa sun daɗe da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'urar ma kanta ba ta fi ƙarfin tuntuɓe ba. A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami kuskure a na'urorinsu, wanda ya shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Ya kyautu a yaba masa da ya amsa laifi, abin da ba kasafai a ke gani ba. Sai dai kuma a wannan shekarar ce Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO su ma za su koma kan kwamfuta daga 2026, bayan WAEC ta riga ta gwada hakan ga masu zaman kansu a farkon 2024. A watan Nuwamba na 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a dakata har zuwa 2030, saboda halin da makarantun karkara su ke ciki. Ko an dakata ko ba a dakata ba, alƙiblar da aka fuskanta ta bayyana. Kuma ita jarrabawar kammala sakandare ba ta tsaya ga zaɓen A ko B ba, akwai inda a ke son yaro ya tsara insha'i da bayani mai tsawo. Ranar da aka ce wannan ma da madannai za a buga shi, yaron Madara da ya fi kowa iya rubutu a ajinsu yana iya faɗuwa don kawai bai san inda harafin "k" ya ke ba.

To, abin da ya faru ke nan: an kai kwamfuta ɗakin jarrabawa, ba ta iso aji ba. Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mahukunta kuwa ita ce a ba da kwangila a sayo na'urori a rarraba. A nan ne ya kamata a ɗan waiwaya, domin ƙasar nan ta taɓa bin wannan hanya, kuma waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 shaidu ne.

Lokacin da aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi niyyar kowane yaro a ƙaramar sakandare ya koyi sharar fagen fasaha, watau aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da zanen injiniya. Niyya ce kyakkyawa ƙwarai. Gwamnatin Tarayya ta sayo injuna da kayan aiki masu yawan gaske daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekosulobakiya, aka rarraba wa jihohi. Amma kaya sun iso makarantun da ba su da ɗakin aikin da za a kafa su, ba su da wutar da za ta juya su, ba su da malamin da ya taɓa ganin irinsu. A makarantu da yawa a faɗin ƙasar nan akwatunan sun shekara da shekaru a farfajiya ko a sito ba a ko fasa su ba. Rana ta buga, ruwa ya daka, gara ta ci katakon, ɓarayi suka kwashi abin da ya kwasu. Ɗalibai kuwa suka ci gaba da koyon zarto da guduma ta hanyar zanen da malam ya yi musu da alli a jikin allo. Ba injunan ne ba su da kyau ba. An dai sayo su ne kafin a tanadi mutumin da za ya tsaya a kansu.

Maƙwabciyar ƙasa, Jamhuriyar Nijar, ta yi nata gwajin tun kafin wannan, kuma nata ya fi ban sha'awa domin ya yi aiki. A 1964, da taimakon Faransa, aka soma koyar da yaran firamare ta talabijin a kimanin ajujuwa 20 a Yamai da kewayenta. Ƙwararru ne ke shirya darasi a ɗakin watsa shirye-shirye, a aji kuwa a ajiye matashi mai ɗan ilmi wanda aka ba horo na musamman, idan an kashe akwati ya ci gaba da bita da yara. Tun a ƙarshen shekarun 1960 har an fara kunna waɗansu akwatunan da hasken rana. Masana daga ƙasashe dabam-dabam sun je sun gani sun yaba. Duk da haka shirin bai taɓa game ƙasar ba, domin tsadarsa ta fi ƙarfin aljihun gwamnati, ga shi kuma ya dogara da kuɗi da ma'aikatan baƙi, kafin ƙarshen shekarun 1970 ya naɗe tabarmarsa. Haka nan shirin nan na bai wa kowane yaro 'yar ƙaramar kwamfuta, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, aka yi ta yayata hotunansa a duniya. Ƙasar Peru ce ta rungume shi da gaske, ta sayi dubban ɗaruruwa. Binciken da aka fitar a 2012 kan makarantun karkara 319 ya nuna yara sun iya sarrafa na'urar sosai, amma karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba.

Wanda ya ke son ya gane dalilin wannan duka ba sai ya tafi Peru ba, ya zagaya cikin Azare kawai. Akwai kayan koyo iri biyu da suka zauna da gindinsu a garin ba tare da wata hukuma ta ba da kwangilarsu ba.

Na farko shi ne allon makarantar allo. Idan aka dube shi da idon basira, shi ma na'ura ce, kuma wadda aka ƙera daidai da ƙasarta. Masassaƙi na nan kusa. Alƙalami daga gamba ko kara a ke fere shi. Tawada kuwa gawayi ne da ƙaro. Yaro ya rubuta, ya karanta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta wani, allo ɗaya ya yi masa shekaru. Ba ya jin ƙura, ba ya jin zafi, ba ya jiran a kawo wuta, idan ya tsage a ɗaure shi ko a sassaƙo wani. Abin da ya fi duka muhimmanci, babu malamin allon da bai fi almajirinsa sanin allo ba, domin da shi aka koyar da shi. Tun zamanin Malam Zaki, wanda ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, har kawo yau, wannan ɗan katako bai taɓa kwana a sito yana jiran injiniya daga Legas ba.

Na biyu ita ce wayar hannu. Ta fara bazuwa a ƙasar nan daga 2001, yau ga ta a hannun mai shayi da ɗan acaɓa da mai sayar da hatsi. Me ya raya ta a garin da wuta ba ta tsayawa? Jama'ar da suka taru a kewayenta. Ga mai cajin waya da ɗan janaretonsa ko farantin hasken rana, ga mai gyara a bakin kasuwa da 'yar fitilarsa da madubinsa, wanda ba ya jin tsoron buɗe kowace iri, ga mai sayar da kati da batir, ga mai tura wa mutane karatu da wa'azi da fina-finai. Idan waya ta lalace da safe, kafin la'asar ta tashi. Babu wanda ya shirya taron ƙara wa juna sani don koya wa tsohuwa yadda za ta aika wa ɗanta saƙon murya a WhatsApp, jikanta ne ya nuna mata sau biyu ta iya, don tana da bukatar abin.

Kwamfutar makaranta fa, wa ta ke da shi? A makarantu da dama labarin iri ɗaya ne. An kawo na'urori an yi bikin buɗewa, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Daga nan sai shugaban makaranta, wanda ya san shi za a tuhuma idan ɗaya ta ɓace, ya sa kwado ya kulle ɗakin, makulli ya koma aljihunsa. Ba a zarge shi ba, domin an ba shi amanar kaya ba a ba shi kuɗin mai ba, ba a ba shi mai gadi ba, ba a ba shi mai gyara ba. Ƙurar hunturu ta shiga ta toshe na'urori, zafin bazara ya kashe batura, kuma zafin wannan yanki ba sai an ba kowa labari ba. Wutar gwamnati kuwa, ko a cikin gari sai a hankali, balle ƙauye. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Darasin kwamfuta sai ya koma abin da darasin zarto ya zama a 1985: malam ya zana akwati a allo, ya ja kibiya, ya rubuta sunayen sassa, yara su kwafa su haddace. Su kan ci wannan darasi da maki mai kyau, sa'an nan su zo Azare hannunsu yana rawa.

Kada kuma a ruɗu da cewa ai yaran yanzu duk sun iya waya. Shafa gilashi da yatsa dabam, buga rubutu da madannai dabam. Bugu da ƙari, ba a raba wayar daidai ba: a gidaje da yawa saurayi na da tasa ko ta abokinsa, budurwa kuwa sai ta roƙi aron ta mahaifiyarta, idan ma an yarda. Makaranta ce kaɗai wurin da za a iya daidaita su.

Akwai kuma wata matsala da ta riga wannan, wadda ba a cika son faɗinta a wurin bikin buɗe ɗakin kwamfuta ba. Yaron da ya gama firamare bai iya karanta shafi guda da Hausa ya gane ba, balle da Turanci, ko an ajiye masa na'ura goma a gabansa hotuna za ya kalla. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. A nan Jihar Bauchi tana da abin tunawa mai amfani. Daga 2015, ita da Jihar Sakkwato sun gudanar da shirin nan na "Mu Karanta!" da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, don koya wa yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da harshen Hausa. Ginshiƙin shirin littafi ne a hannun yaro, da jagora a hannun malam, da horo. Na'urar zamani ta shigo, amma ta bayan fage: jami'an da ke zagayawa duba malamai su ne aka ba ƙananan allunan lantarki, su zauna a bayan aji su lura da darasi, su rubuta abin da suka gani, su tattauna da malam. Watau an sa na'ura ta yi wa malam hidima, ba ta ture shi ba. Ita hukumar ta Amurka an rushe ta a 2025, wanda ya isa ya tuna wa kowa labarin talabijin ɗin Nijar. Abin da jiha ba ta sa a kasafin kuɗinta ba, aro ne.

Haka kuma da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, abin da ya fi isa ƙauyuka ba intanet ba ne, tsohuwar rediyo ce, mai cin batir biyu. Daga baya, a 2022, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe wata taskar darussa a intanet, kyauta, har da na Hausa a ciki. Taska ce mai kyau, sai dai wanda ya fi bukatarta shi ne ya fi nisa da ita, sai fa idan malaminsa ya sauko da darasin a wayarsa ya kawo masa aji. Ko sabuwar fasahar nan ta ƙirƙirarriyar basira, da aka gwada a waɗansu makarantun sakandare na Jihar Edo a 2024 tare da Bankin Duniya, aka ga ɗalibai sun ƙaru ƙwarai a Turanci cikin mako shida, ba a bar yara su kaɗai da na'ura ba. Malamai ne ke tsaye a kansu, suna nuna musu abin da za su tambaya, suna kama ta idan ta yi ƙarya, domin ta kan yi.

Duk inda aka bi, hanyar tana komawa kan malam. A nan ne kuma Azare ta ke da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Tun 1977, shekara guda bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi kuma an ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kafa babbar kwalejin horon malamai a garin, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Alhaji Aminu Saleh, Wamban Katagum, tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya. Da wuya a shiga makarantar gwamnati a wannan yanki ba a tarar da wanda ya sha ruwan kwalejin nan ba. Manhajar takardar NCE ta riga ta ƙunshi darasin fasahar koyarwa da na sanin kwamfuta, kuma tun 2017 jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta ƙasa ke yi wa sababbin malamai ita ma da kwamfuta a ke yin ta. Abin tambaya shi ne ko ɗalibin malanta yana fita da abin a hannunsa, ko kuwa a littafinsa kawai. Wanda ya shekara uku a kwaleji ya kamata a ce ya buga rubutu har yatsunsa sun saba, ya taɓa buɗe na'ura ya kakkaɓe ƙurarta, ya san yadda a ke kula da batir da farantin hasken rana, ya kuma koyi abin da ya fi waɗannan wuya, watau yadda za ya koyar da yara saba'in da na'ura biyar ba tare da sittin da biyar sun zauna suna hamma ba. Wannan na ƙarshe babu kamfanin da ke sayar da shi.

Sauran abubuwan ba su fi ƙarfin jiha da ƙananan hukumomi ba. Kada a sake karɓar kwangilar na'urori sai an rubuta a cikinta wanda za ya gyara, da kuɗin gyaran, da wutar hasken rana, na shekaru masu zuwa. A ɗauki samarin nan masu gyaran waya na bakin kasuwa da daraja, a ƙara musu horo a ba su makarantu su riƙa zagayawa, domin sun fi injiniyan da za a jira daga Abuja kusa. A canza tambayar da mai duba makarantu ke yi wa shugaba, daga "na'urori nawa ne a ɗakin" zuwa "yaro nawa ne ya zauna a kansu a wannan mako", a kuma yafe masa madannan da suka lalace don yawan aiki. Su kuwa cibiyoyin jarrabawa da ke cikin gari, waɗanda su kan cika maƙil na 'yan makonni sa'an nan su yi shiru, babu abin da ya hana a yi yarjejeniya da su, a riƙa kawo 'yan ajin ƙarshe na makarantun ƙauye bi da bi tun daga zangon farko. Kuɗin motar da za ta ɗauko su daga Bulkachuwa bai kai na kwamfuta ɗaya da za ta mutu a kulle ba.

Lokacin da Azare ta karɓi hedkwatar masarauta daga garin Katagum a farkon ƙarnin da ya wuce, wanda ya ke son ilmi mai zurfi sai ya yi tafiya mai nisa. Yau ga jami'ar jiha a Gadau, wadda aka sa wa sunan Malam Sa'adu Zungur, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a cikin Azare a 2021. Yarinyar Chinade da ke son zama likita tana iya ganin ginin makarantar da idonta duk ranar da ta shigo gari. Amma neman gurbi a can na ƙasa baki ɗaya ne, da ɗan Kano da ɗan Ibadan za ta yi takara, kuma fannin likita yana cikin waɗanda suka fi neman maki mai yawa. Ƙofar shigarta ita ce wancan ɗaki mai kujeru jere, tambaya 180, sa'a biyu.